In Fim Ɗaya Ya Rage Maka

 Matarka tsohuwa, wato kakarka, tana gaishe ka, ta ce in gaya maka har yanzu ba ta ga kuɗin cefane ba, in kuwa ka ci gaba a haka za ta tattaro ta dawo wurina gaba ɗaya. Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya a Akokan, mahaifiyarka ta kira ni ta ce gardama ta kaure a fadarku har shayi ya huce a kan gawayi: wai in aka ce fim ɗaya ya rage wa mutum a duniya, wanne zai kalla? Ta ce kai ne ka ce a tambayi tsoho, ko don ku samu abin dariya. Na karɓa. Sai dai ka yi haƙuri da ni, tsoho ba ya amsa tambaya sai ya zagaya da ita, kuma maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Na san kowace fada ba ta rasa ustazun da zai ce tambayar banza ce, wanda ya san ƙarshensa ya zo ai carbi zai ɗauka. Ka ce masa ya yi gaskiya, kada ka ja da shi. Sa'ar ƙarshe ta kalmar shahada ce, Allah ya sa mu cika da ita. Amma fim ɗin ƙarshe daban, sa'ar ƙarshe daban. Mutane da yawa sun yi kallonsu na ƙarshe alhali da sauran shekara ashirin a gabansu. Wani yana ce ta rufe masa ido, wani kunne ne ya yi nauyi, wani gidan sinimar aka rufe aka mayar da shi sito, wani kuma abokin kallonsa ne ya bar gari, daga ranar abin ya fita ransa. Cikinsu babu wanda aka yi wa sanarwa. Ya tashi ne ya karkaɗe riga ya ce wa na kusa da shi sai mako mai zuwa. Ka ɗauki Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya yi fiye da shekara hamsin yana ɗaukar hoton mutanen Nijar. A watan Fabrairun 2004, yana da shekara 86, ya zo Yamai bikin nuna finafinan ƙasar nan, ya zauna cikin tsofaffin abokansa. Kwanaki kaɗan bayan haka hatsarin mota ya rutsa da shi kusa da Birnin Ƙonni, a Yamai kuma aka binne shi.

Babu garin da ya kamata ya gane wannan magana kamar naku. Kafin a kafa Arlit a 1969, babu komai a wurin sai fako da iska da Buzaye makiyaya masu wucewa da raƙumansu. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta soma haƙa a Akuta a 1978, rami mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, Akokan kuma ta tsiro a gefensa. Daga ko'ina aka taho: Adarawa, Gobirawa, Damagarawa, Zabarmawa, Barebari, Tubawa, har da mutanen Benin da Togo da Gana. Farin 1973 da 1974 ya koro wasu da dabbobinsu suka ƙare. Kowa ya zo da niyyar ya yi shekara biyu ko uku ya tara abin aure ya koma, sai ga shi ya aurar da 'ya'ya a garin. Lokacin da ƙarfen ke da daraja, har Paris ta biyu ake ce wa Arlit, saboda wutar lantarki da ruwan famfo da kantin da ake samun kayan Faransa a tsakiyar hamada. Farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka yi ta rage ma'aikata kashi-kashi. Na baya-bayan nan kuwa da idonka ka gani: ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta tsaya, bayan ta fitar da kusan tan 75,000, ma'aikata wajen 600 suka ajiye aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Ka ga manyan motoci sun yi lodin gadaje da katifu da firji sun kama hanyar Agadas da Tawa. Yanzu ka zauna ka tuna waɗanda kuka yi kallo da su a tabarma ɗaya cikin wancan watan, ka ƙirga nawa ka sake gani.

A zamaninmu kallo taro ne. Bayan isha'i mutum zai yi wanka ya sa rigarsa mai guga ya nufi fili marar rufi, farin bango a gaba, bencina a jere. In iska ta taso sai ka ga ƙura tana yawo cikin hasken majigin, mutane sun ja rawani sun rufe hanci, amma ba mai tashi. In faifai ya ƙare ana canja wani, sai fito da ihu su kaure, ana kiran mai injin da sunayen da ba nasa ba. A kowane benci kuma akwai gwanin da bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba, amma shi ke yi wa mutane tafinta, da tabbaci kuwa, har ya gaya maka abin da jarumar ke faɗi a zuciyarta. A garin ma'aikata komai da matakinsa yake, unguwar manya daban, ta matsakaita daban, ta leburori daban, bayan su kuma ga Bukoki inda masu neman aiki da masu sana'ar hannu suka kafa rumfuna. To, amma in mugu ya kama jaruma, da mai hular kwano da mai tura baro murya ɗaya suke yi.

Daga baya bidiyo ta zo. Sai aka koma rumfar kwano, talabijin a kan tebur, kaset ɗin da ya sha kallo har hoton yana rawa, a biya dala biyar a ƙofa, yaran da ba su da ko dala suna leƙe ta hudar ƙusa. Bayan kaset sai faifan CD, bayan shi sai katin memori da masu tura finafinai ke cika maka a bakin kasuwa. Yau ga shi kowannenku yana ɗauke da finafinan da suka fi waɗanda muka gani a rayuwarmu duka, Indiya ma an fassara muku ita da Hausa. Ba ni daga cikin masu zagin waya, da ita nake ganin fuskokinku daga nan Adar. Abin da na lura da shi kawai, samari biyar za su zauna a tabarma ɗaya, kowa ya toshe kunne, kowa da abin da yake kallo, wannan yana dariya wancan yana tsaki, ba wanda ya san dalilin ɗan'uwansa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In ka zagaya ka tambayi sa'o'ina, rabinsu Sholay za su ce maka, fim ɗin Indiya na 1975, na abokai biyu Jai da Veeru da ɗan fashin nan Gabbar Singh. Wasu za su ce Mother India na 1957, wanda iyayenmu mata suka sha kuka a kansa, don ba sai an yi musu tafinta ba: mace ce da garma a kafaɗa, ga yunwa, ga mai ba da bashi da ruwa ya sa ta gaba, duk sun san irinsa a ƙauyensu. Wasu kuma Bruce Lee, wanda ya sa yaran unguwa suka yi ta karya hannu a kan bulo. Shi kansa ya rasu a watan Yulin 1973 yana da shekara 32, kafin a fara nuna Enter the Dragon a gidajen sinima. Duk finafinai ne masu kyau. Amma in ka saurari tsoho da kyau yana ba ka labarin Sholay, za ka ji rabin labarin ba ya cikin fim ɗin. Zai gaya maka ranar aka yi albashi, zai gaya maka wa ya biya masa kuɗin shiga, da yadda suka dawo gida a ƙafa suna kwaikwayon muryar Gabbar. Ƙuruciyarsa yake nema da abokin da ke gefensa. In ka kunna masa shi yau, shi kaɗai a ɗaki, sa'a uku da wani abu, kafin a kai rabi barci ya kwashe shi. Don haka in za ka zaɓa, ka fara tambayar kanka: fim ɗin nake so, ko waɗanda na kalla da su? In mutanen ne, kuma suna raye, kiran waya ya fi maka sauƙi da amfani.

Akwai waɗanda za su ce Ar-Risala, na Moustapha Akkad mutumin Halab ta Siriya, wanda ya fito a 1976. Zaɓi ne mai daraja. Mutumin ya ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da ya nuna fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya jiyar da muryarsa ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya kalli wurin da aka ɗora wa Bilal dutse a ƙirji idonsa bai kawo ruwa ba. In har shi ne zuciyarka ta ba ka, madalla. Amma kada ka ambace shi don a ce da kai yaron kirki alhali wani ne ke ranka. Tambayar wasa ce, wanda kuwa ya saba yin riya a wasa zai yi ta a abin da ya fi wasa. Akkad ɗin ne kuma ya yi fim ɗin Umar Mukhtar, dattijon Libiya da Italiyawa suka rataye a 1931. Samarinmu sun haddace shi. Ka tambaye su labarin Kaosan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ka ji yadda za su yi ta inda-inda. Ga Agadas nan kilomita 240 kacal daga ƙofar gidanku. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, abin da aka nuna wa ido shi ke zama a kai.

In kuma wani a cikinku ya ce shi Ibro zai kalla, kada ku raina masa hankali. Akwai wani abokin aikina da ciwon ƙirji ya kwantar, har magana ta zama masa aiki. In muka je dubiya, sai mu tarar an jingina shi da matashi, 'ya'yansa sun jawo talabijin kusa da gadon sun sa masa Ibro. Yana dariya tari yana sarƙe shi, a miƙa masa ruwa a kofin roba, ya kurɓa, ya ɗaga yatsa a mayar masa da wurin baya. Matarsa tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti, ita ba fim ɗin take kallo ba, fuskarsa take kallo. Mu da muka zo da dogayen fuskoki da kalaman haƙuri sai muka samu kanmu muna ƙyaƙyatawa tare da shi. Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disamban 2014, Allah ya ji ƙansa, bai san iyakar ɗakunan marasa lafiya da ya shiga ba. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Haka wanda zai ce Sangaya, ko mai son a ba shi kashi na gaba na Labarina ko Daɗin Kowa. Wanda ya ji harshen da aka yi masa reno da shi yana fitowa daga allo ya san daɗin da ba a samu a fassara.

To, da me ake auna zaɓin? Ni da guzurin ayari nake auna shi. Madugun da zai ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri ba ya cika jakarsa da abin da ya fi zaƙi a kasuwa. Gero yake ɗauka da dabino da cuku, abin da zai jure rana ya kuma riƙe ciki in an yi nisa da gida. Fim ma akwai wanda ke ƙarewa tare da rubutun ƙarshensa, akwai wanda bayan shekara goma, ranar da ka shiga wani hali, sai ka ji ya taso maka.

Irin wannan na biyun, tun da na ji ana cewa kana zancen tafiya wurin zinariya, bari in ba ka suna biyu daga gida. Oumarou Ganda ya yi soja a Indocin ƙarƙashin Faransa, ya yi dako a tashar jiragen ruwan Abijan, a can ya haɗu da Rouch, daga baya ya zama mai shirya fim. A Cabascabo, na ƙarshen shekarun 1960, shi da kansa ya fito a matsayin sojan da ya dawo gida da kuɗi: abokai suka yi masa caa, maroƙa suka wasa shi, aljihu ya bushe, kowa ya kama gabansa. Shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, cibiyar al'adu ta Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. Na biyu Moustapha Alassane, wanda ya zauna nan Tawa har tsufansa, ya rasu a 2015. Fim ɗinsa FVVA na 1972 labarin ƙaramin ma'aikaci ne da ya sa wa ransa mata da mota da gida da kuɗi lokaci ɗaya, har ya kai hannu inda bai kamata ba. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten a 2014, Cabascabo nawa aka yi a Arlit da Agadas? Nawa aka yi cikin waɗanda suka karɓi kuɗin sallama a dunƙule? Ba hana ka neman halal nake yi ba, namiji da nema aka san shi. Ina so ne ka ga ƙarshen labarin a allo kafin ka gan shi a jikinka.

Yanzu ga nawa zaɓin. Finafinai biyu na sani da aka yi a kan garinku kansa, da mutanensa, ba 'yan wasa ba. Na farko Arlit, deuxième Paris, na Idrissou Mora-Kpai mutumin arewacin Benin, wanda aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2005. Ya kama garin ne lokacin da kasuwar ƙarfen ta mutu: majiya ƙarfi zaune ba aiki, baƙi daga ƙasashen kudu suna jiran motar da za ta haura da su Aljeriya, ga kuma wani dattijo da ya taɓa zama a garin ya dawo ziyarar ƙarshe wurin ɗansa da abokansa. Na biyu La Colère dans le vent, na 2016, wanda Amina Weira ta yi. 'Yar garin ce, ta yi karatun fim a Yamai da Senegal, mahaifinta kuma ya yi shekara 35 a aikin ma'adinin. Ta dawo da kyamara ta bi shi, shi kuma ya kai ta wurin tsofaffin abokan aikinsa. In fim ɗaya ya rage mini, wannan na biyun zan ce a kunna.

Ba fim ne mai daɗi ba. Za ka ga guguwar nan tamu ta taso ta rufe gari, ka kuma san abin da take ɗauke da shi. Za ka ga maƙera suna narka tarkacen ƙarfen da ya fito daga wurin aiki suna zuba tukwanen da mata za su yi girki a ciki. Tiririn yuraniyom ba shi da launi, ba shi da wari, shi ya sa maganarsa ke da wuyar shiga kunne. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana wannan kira, masu binciken CRIIRAD daga Faransa sun fara zuwa aune-aune tun 2003, Greenpeace ma ta zo a 2009 ta samu wurare a titin Akokan da awon tiririnsu ya ninka wanda aka saba gani sau ɗaruruwa. Tudun dusar da COMINAK ta bari, wajen tan miliyan 20, wanda aka fara rufewa da yumɓu da dutse, kai ka fi ni ganinsa kullum. Duk wannan yana rubuce cikin rahotanni, amma gani ya kori ji.

Sai dai abin da ya sa na zaɓe shi ya wuce wannan. Zaman 'yar nan da mahaifinta ne ya kama ni. Mu mutanen rami da masana'anta ba mu saba a tambaye mu ba. Mun saba da lamba a ƙirji, da jiniya, da motar da ke kwasar mu da asuba ta dawo da mu da yamma. A gida kuma uba ba ya zama ya ba 'ya'yansa labarin wahalarsa, kunya da kara sun hana. Sai ga yarinya ta zauna gaban ubanta da ladabi, ta yi tambaya, ta yi shiru ta jira amsa. Wanda ya tsufa ya san abin da ke cin ran tsoho. Mutuwa rigar kowa ce, ba ita ke hana mu barci ba. Abin da ke damun mu shi ne mu tafi da abin da muka gani ba wanda ya karɓa. Kamfanin Faransan ya canja suna a idonmu, daga COGEMA zuwa Areva zuwa Orano, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Masu riƙe da ramin suna canjawa, kowanne da takardunsa da lissafin tan-tan ɗinsa. Masu kyamara daga waje kuma an fi ganin su ranar tashin hankali, kamar satar mutanen da aka yi a Satumban 2010 ko harin Mayun 2013. Labarin wanda ya zo a bayan motar kaya da tabarma da buta, ya gina ɗaki, ya haifi mahaifiyarka, in ba ku kuka ɗauka ba, ba mai ɗaukar muku.

Don haka ga nasihata, abokina, kuma ba mai nauyi ba ce. Da farko, duk abin da ka ga ya isa kallo, ka nemi abokin kallonsa. Ka cire abin kunnen nan wani lokaci, ka jingina wayar a jikin buta, ka kira ƙannenka, ka kira mahaifiyarka in ta gama aiki. Wannan ma awo ne mai sauƙi: fim ɗin da in ta shigo za ka yi sauri ka kife waya, ka san bai kai ya zama na ƙarshe ba, to me ya sa zai zama na yau? Ido amana ne, dare kuma da kake kashewa ba a mayar maka da shi. Ban ce ka bar nishaɗi ba. Na ce ka riƙa zaɓe da kanka, kada ka bar wayar tana ɗora maka wani bayan wani har kiran assalatu ya same ka ba ka iya tuna ko ɗaya.

Na biyu, wayar nan da ke hannunka ta fi injinan da Ganda da Alassane suka fara aiki da su sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. A Agadas an yi fim da harshen Buzaye da ya fito a 2015, makaɗin jita Mdou Moctar ne jarumin, da kuɗi kaɗan aka yi shi, ya kuma zagaya duniya. Kai ba sai ka kai can ba. Ka fara da tsohon da ke zama ƙofar masallacinku. Ka je da sallama, ka riƙe ɗan sukari da ganyen shayi, ka gaya masa abin da kake so ka nemi izininsa. In ya ƙi, ka yi godiya ka tashi. In ya yarda, ku shiga daga ciki inda iska ba za ta cinye muryar ba, ka kafa wayar a kan abin da ba ya motsi. Kada ka ce masa ya ba ka tarihi, zai ce ba shi da shi. Ka tambaye shi wace shekara ya zo, a wace mota, wa ya sauke shi, me ya saya da albashinsa na farko, su wa ke cikin ƙungiyar aikinsa, ina suke yanzu. In ya yi shiru kada ka cike masa shirun, maganar kirki tana bayansa.

Kada ka tsaya ga maza. Ka je wurin tsofaffin matan da suka yi tuwon sayarwa a Bukoki, da waɗanda suka yi shekaru suna wanke kayan aikin mazansu da hannu, su ma suna da abin faɗi, kuma an fi mantawa da su. Ka je wurin dattawan Buzaye su gaya maka sunayen rijiyoyi da wuraren kiwo tun kafin a kafa turken farko. Kowane ɗauka ka rubuta sunan mai maganar da ranar, ka ajiye a wuri biyu, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Abu ɗaya na hana ka: kada ka yanko inda tsoho ya yi tuntuɓen harshe ka watsa a TikTok don a yi dariya. Wanda ya buɗe maka cikinsa ya ba ka amana, ka kuma kai wa iyalinsa nasu kwafin kafin kowa ya gani.

Ba na ce ka zama ɗan fim ba, wataƙila abincinka yana wani wuri, kanikanci ko lantarki ko kasuwa. Wannan aiki ne na yammacin Juma'a, ba ya hana nema. In ka ɗauki na farko, ka turo mini ta wayar kawunka in gani, in kuma mutumin wanda na sani ne, ka karɓo mini lambarsa. In ka samu zuwa hutu, ka zo da wayar a cike da caji, ni ma akwai abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyarka ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka ido da ƙirji, ya ba ka sana'ar da za ka ci halal ka ciyar da na bayanka. Ka gaida mahaifinka da ƙannenka da duk maƙwabta. Wassalam, daga kakanka.